Mazauna Saudiyya dan Allah: wai tarar fakin ta baƙo ta fi ta ɗan ƙasa?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, barkanmu da war haka. Dan Allah ina da tambaya ga waɗanda suka daɗe a Saudiyya musamman masu tuƙi, don abin ya tsaya min a rai, jiya ko barcin kirki ban yi ba.

Watana takwas kenan a Jidda, direba ne ni a wani kamfanin rarraba kaya, wata ƴar ƙaramar mota ta ɗaukar kwalaye suka ba ni. To wata ranar Alhamis kamar sati uku da suka wuce na sauke kaya a wajen Bab Makka, la'asar ta yi, na ce bari in yi sallah in kuma sayi ganyen shayi da sukari tunda na zo inda ake samun sauƙi, na zaga na zaga babu wurin fakin ko na ajiye keke, duk wanda ya san Balad, tsohon garin Jidda, da yamma ya san abin da nake faɗa, sai na hango motoci uku sun jera a bakin titi dab da kwana ni ma na bi sahu na faka a bayansu. Wallahi ban kai minti arba'in ba. Ina dawowa da leda a hannu na ga wuri wayam, ba tawa ba, ba sauran ukun ba, har na fara salati na ɗauka sacewa aka yi, sai wani mai shagon turare ya leƙo yana ce min "saɗaha, saɗaha" yana nuna titi da hannu, a nan na gane motar nan mai ɗauke motoci a bayanta ce ta zo ta kwashe mu.

Na kira mudir ɗinmu, wato manajan kamfani, na faɗa masa, ya yi ta faɗa, ya ce in hau tasi in koma masauki za su tura wanda zai karɓo ta. Washegari Juma'a ba aiki, sai ranar Asabar aka dawo da motar. Ni dai ban biya ko halala ɗaya ba a lokacin, na ɗauka magana ta wuce.

Jiya albashi ya shigo na ga an cire riyal 700. Albashina 1,800 ne fa jama'a. Na je ofis na tambaya aka ce min "mukhalafa" kawai, wato tarar fakin ɗin nan. To abin da ya ɗaure min kai, akwai wani Basa'ude da muke aiki tare, shi ma ya ce an taɓa cinsa tarar fakin kuma ɗari da ɗoriya ya biya. Wani ɗan Bangaladash da muke ɗaki ɗaya ya ce ai haka abin yake, ajnabi ninki ake masa, in kai baƙo ne tararka daban ta ɗan ƙasa daban, ya ce shekararsa goma sha ɗaya a nan ya sani. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne sai in haƙura in kiyaye gaba, in kuma ba gaskiya ba ne to ina sauran kuɗina suka tafi? Kuɗin nan na yi niyyar tura wa Hajiyarmu ne na magani.

Baba Misfala

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya mayar maka da alheri.

Ni shekarata talatin da huɗu a Makka, na yi tuƙin gida, na yi na motar ɗaukar alhazai, yanzu ƴaƴana ke tuƙa ni. Maganar abokin ɗakinka ba haka take ba. Jadawalin tarar murur, wato ƴan sandan hanya, guda ɗaya ne, babu shafin Basa'ude babu shafin ajnabi. Laifi ne ke da farashi, ba mutum ba. Fakin a inda ba a ware don fakin ba tararsa daga riyal 100 ne zuwa 150. In ka faka a wurin naƙasassu, wannan da zanen keken guragu a ƙasa, shi ne mai zafi, 500 zuwa 900. Riƙe waya kana tuƙi shi ma 500 zuwa 900. Tsallake jar danja 3,000 zuwa 6,000. Duk wannan ko kai jikan sarki ne ko Takari ne irina lamba ɗaya za ta fito.

Kuma ka yi tunani da kanka mana. Lokacin da suka zo ɗaukar motar kana ina? Kana masallaci. Wanda ya rubuta tarar bai ga fuskarka ba, bai ga igamarka ba, katin izinin zamanka kenan, lambar mota ya ɗauka. Motar ma ta kamfani ce, kamfanin kuma na ƴan ƙasa ne ko ba haka ba? To ta yaya zai san baƙo ne ya ajiye ta har ya ninka masa? Haka kyamarorin Sahir ɗin nan da aka fara kafawa a 2010, lamba suke karantawa ba launin fata ba. A da can kafin su zo, eh, askar zai tsayar da kai ido da ido, wani ya yi wa ɗan garinsu afuwa don ya san babansa kai kuma ya rubuta maka, wannan mun gani ba labari aka ba mu ba, amma ko a lokacin afuwa ake yi wa wani, ba ƙari ake yi maka ba.

Abin da nake so ka yi, kar ka sake komawa ofis da baki kawai. Buɗe Absher ɗinka, manhajar gwamnati ta waya, ka shiga wajen mukhalafat. Kamfanoni suna yi wa direba rajista a matsayin wanda mota ke hannunsa, in sun yi maka haka tarar za ta fito a kan lambar igamarka, za ka ga rana da wuri da irin laifin da adadin kuɗin. Ka ɗauki hotonsa. Sannan ka ce su ba ka takardar abin da aka cire dalla-dalla, cikin ladabi, ka ce kana so ka ajiye ne. Don ɗaukar mota da saɗaha kuɗinsa daban, kwananta a hajaz, inda ake tsare motocin da aka ɗauke, kuɗinsa daban, waɗannan ba tara ba ne, kuma ko motar wa aka ɗauka sai ya biya su. Ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ina jin fushinka ka aika shi gidan da ba nan ba ne.

Bakatsine Mai Gaskiya

Baba Allah ya ƙara girma amma gsky ni ban yarda ba. A takarda ɗaya ne naji, amma takarda ce ke biya ko aljihu? Riyal 150 a wajen wanda ke ɗaukar dubu goma a wata kuɗin shawarma ne da yara, a wajen wannan bawan Allah mai 1,800 kuɗin abincin sati ne da ƴan kai. Kuma wa ke zaune a unguwannin da babu wurin fakin? Mu ne. Je Karantina ko Sabil ko Kandara ko Gulel ka gani, lungu ne mota ɗaya da ƙyar take wucewa, gini ɗaya mutum hamsin babu gareji ko ɗaya, dole ka hau kan hanyar masu tafiya a ƙasa ko ka toshe wani. Shi kuwa mai gida a arewacin gari ya danna rimot ƙofa ta buɗe ya shige da motarsa, yaushe saɗaha za ta gan shi. To ko ba a rubuta ajnabi ya biya ninki ba ai a ƙarshen shekara shi ya fi biya, ni lissafina kenan.

Sannan in shi aka rubuta masa bisa kuskure ya san inda zai je ya san abin da zai ce da larabcinsa na gado, kai kuwa saƙo zai shigo wayarka ka kasa karantawa sai ka nemi wanda zai fassara maka shi ma ya fassara maka rabi.

Maman Hanan

Salam. Ɗan Fagge sannu, Allah ya musanya. Baba ya faɗi gaskiya tarar ɗaya ce, ni shaida ce don ni ke riƙe lissafin gidanmu a nan Riyad kuma tun 2018 da aka ba mata damar tuƙi nima na karɓi lasisi, an ci ni tarar fakin sau biyu, maƙwabciyata Basa'udiya ita ma an ci ta a gaban makarantar yaranmu rana ɗaya da ni, muka haɗa wayoyi muna dariya, adadi ɗaya sak.

Amma akwai inda baƙo ke jin jiki wanda ba a adadin kuɗin yake ba, bari in ba ku labarin abin da ya same mu. Abban Hanan mutum ne mai sakaci da irin wannan, Allah ya sani ina faɗa a gabansa ma, saƙon tara zai shigo ya ce zan biya zan biya, ƙanana ne fa, ɗari nan ɗari da hamsin can, na fakin a ƙofar asibiti, na bel, na gudu kaɗan a hanyar Kharj, suka yi ta taruwa shekara kusan uku ba wanda ya waiwaye su. Sai bikin ƙanwata ya taso a Kano, mun sayi tikiti mun gama ɗinki na cika akwatuna da abayoyi da dabino na tsaraba, saura kwana huɗu tafiya ya zauna zai fitar mana da khuruj wa auda, bizar fita da dawowa kenan ga wanda bai sani ba, Absher ya ce sam, sai an biya tarar da ke kansa. Da ya haɗa lissafi ya haura dubu huɗu. A daren nan sai da na cire awarwarona guda biyu, da safe ya kai kasuwar Baɗaha ya sayar. Har yau in na tuna sai na harare shi.

To kun ga bambancin. Shi ma ɗan ƙasa akwai abubuwan da ake tsayar masa in bai biya ba, kamar sabunta istimara, takardar rajistar mota, amma shi yana gidan ubansa, ba ya neman izinin kowa kafin ya je bikin ƙanwar matarsa. Kai kuwa baƙo ƙofar fitarka a ɗaure take da tarar, ko fita ta dindindin za ka yi sai ka biya tas kuma sai ka rabu da motar da ke sunanka.

Abin haushin ma, bayan ƴan watanni da wannan abu aka sanar da rangwamen kashi 50 cikin ɗari na duk tarar da ta taru kafin 18 ga Afrilun 2024, aka ba da wata shida a biya, daga baya aka ƙara wa'adin zuwa Afrilun 2025. Kuma ba a ce na ƴan ƙasa kaɗai ba ne, har mazauna har masu ziyara duk sun shiga, in ban da manyan laifuka irin su wasan ganganci da mota da tuƙi cikin maye. Na san mutanenmu da yawa da ba su amfana ba don sun ɗauka ba da su ake ba, irin wannan jita-jitar ta "ai ajnabi daban" ita ta cuce su, suka zauna har wa'adi ya wuce. Mu kuwa mun riga mun biya cikakke, awarwaro ya tafi.

Yanzu ma sabuwar tara in ka biya da wuri cikin wa'adin da suka sa akwai ragin kashi 25, kuma kana da kwana 30 ka shigar da ƙorafi ta Absher in kana ganin ba ka yi laifin ba. Biyan ma ta manhajar bankinka ne ta SADAD, ba ka buƙatar ba wani mu'aƙƙib ko ɗan kamasho ko sisi.

Injiniya Abu Zabi

Jama'a sannunku. Ni ba a Saudiyya nake ba amma bari in tofa albarkacin bakina don ina ganin na san inda wannan magana ta samo asali, mutane suna haɗa abu biyu ne wuri ɗaya, tara da kuɗin izini.

A nan Abu Zabi tsarin fakin sunansa Mawaqif. Tarar wuce lokaci ko fakin ba tikiti ɗaya ce ga kowa. Amma takardar izinin fakin ta mazauna unguwa, wadda ke ba ka damar ajiye mota a layinku da dare, a nan ne aka bambanta a fili ba ɓoye-ɓoye: baƙo dirhami 800 a shekara motar farko, ta biyu 1,200, ɗan ƙasa kuma kyauta ake ba shi. To wanda ya ji wannan a bakin wani sai ya je ya ce a Imarat baƙo ya fi biyan kuɗin fakin, na gaba ya ce ya fi biyan tara, kafin labarin ya iso ɗakin su Ɗan Fagge ya zama ninki biyu a duk ƙasashen Larabawa.

Kuwait ma haka. Sabuwar dokar hanyarsu da ta fara aiki a Afrilun 2025 ta ɗaga tarar fakin a inda aka hana daga dinari 5 zuwa 15, wurin naƙasassu kuma 150, kowa da kowa. Amma kafin baƙo ya samu lasisin tuƙi a can akwai sharuɗɗa na albashi da digiri da daɗewa a ƙasa in ba yana cikin sana'o'in da aka ware ba, kuma babban laifin hanya zai iya sa a mayar da shi gida. Ɗan ƙasa ina za a mayar da shi? Ka ga nan ma ba a lambar kuɗin aka bambanta ba.

A Saudiyyar ma ai akwai abin da baƙo kaɗai ke biya kuma kowa ya sani, kuɗin iyalin nan da aka fara a Yulin 2017 da riyal 100 kan kowane mutum a wata har ya kai 400 a 2020, shi ya sa mutanenmu da yawa suka mayar da mata da yara gida. Wanda ya sha wannan in ka ce masa tarar fakin ma ninki ake masa ba zai yi musu ba, zuciyarsa ta riga ta yarda. Shi ya sa ban ga laifin ɗan Bangaladash ɗin nan sosai ba, kuskure ya yi amma ba daga sama ya ɗauko ba.

Bazazzagi a Landan

Hhhh Bakatsine ka zo Landan ka ga inda tara ba ta san ɗan kowa ba. Nan ƙaramar hukuma ce ke da titi, ma'aikacinsu na yawo da ƴar na'ura a hannu, ka wuce minti kaɗan ka dawo ka tarar da ƴar leda mai ruwan ɗorawa a manne a gilashi, mai tsananin a tsakiyar gari ta kai fam 160 tun 2025, in ka biya cikin kwana 14 rabi ne. Bature da Bahaushe da Ba'indiye duk ɗaya. Izinin fakin na unguwa ma ba a tambayar fasfo ɗinka, adireshi ake tambaya, ni da ke zaune a layin ina da shi, Baturen da aka haifi kakansa a garin amma yana wata unguwa in ya zo layinmu shi ne baƙo. Inda sababbin zuwa ke faɗawa rami shi ne canza gida, ɗalibi ya tashi daga wannan ɗaki zuwa wancan bai sauya adireshin takardar mota ba, wasiƙu na ta zuwa tsohon gida kuɗi na ta hawa, sai ranar da masu karɓar bashi suka gano shi tarar fam 80 ta zama ɗaruruwa. Wannan ya faru da yara biyu da na sani.

Amma tunda ana maganar baƙi da tara, akwai baƙin da su ba ƙari ake musu ba, ba sa biya ma gaba ɗaya: ma'aikatan jakadanci. Kuɗin cunkoson shiga tsakiyar Landan da aka fara a 2003, hukumar sufurin birnin tana fitar da jerin ofisoshin jakadancin da take bi bashi, Amurka ce a sama, su sun ce haraji ne kuma yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta ɗauke musu haraji, hukumar ta ce a'a kuɗin hidima ne. Namu ofishin na Najeriya ma yana sahun gaba-gaba, sama da fam miliyan 8 ake bin sa. A New York ma an yi haka, wasu masana tattalin arziki biyu Raymond Fisman da Edward Miguel sun bi diddigin tarar fakin da jami'an jakadancin ƙasashe a Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙi biya daga 1997 zuwa 2002, Kuwait ce ta zo ta ɗaya, Masar da Chadi da Sudan na biye, sai da birnin ya fara ƙwace lambobin motocinsu a 2002 sannan abin ya lafa.

To Ɗan Fagge shawarata ka nemi aikin jakadanci kawai 😂 Wasa nake ƙanina, ka bi maganar Baba.

Bakatsine Mai Gaskiya

Ato. Kun ga dai maganata ta fito, mai babbar riga baya biya, direba mai 1,800 shi ake yankewa. Duk duniya ɗaya ce.

Ɗan Fagge

Jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba na yi yadda ka ce. Na shiga Absher tarar tana nan a kan igamata, ranar Alhamis ɗin da lokacin duk daidai, fakin a wurin da ba a ware ba, riyal 100, kuma an nuna an biya. Ɗari fa. Sai da na kalli wayar nan kusan sau biyar.

Yau da safe na je wajen akawun kamfani, na gaishe shi na ce dan Allah takardar abin da aka cire nake so in ajiye, da farko ya ce babu, na ce to zan jira, na zauna a kujerar bakin ƙofa kusan awa ɗaya ina jan carbi har ya gaji da ganina ya buga min. Ga abin da ke ciki: mukhalafa 150, saɗaha da hajaz 250, sai wani layi na uku an rubuta garama idariyya 300. Na ce mene ne wannan na ƙarshen, ya ce tarar kamfani ce don motar ta yi kwana biyu ba ta aiki. Na ce ai ɗaya daga ciki Juma'a ce ba ma fita, ya ɗaga kafaɗa ya ce in tambayi mudir. Na ce to tarar ma 100 ce a Absher ya aka yi ta zama 150, ya yi shiru yana danna kwamfuta.

Ashe dai ba gwamnati ce ta ninka min ba. Yanzu ya kuke gani, in yi magana ko in bar kaza cikin gashinta? Gaskiya ina tsoron kar in jawo wa kaina, kwantiragina saura shekara da wata huɗu kuma ban gama biyan bashin da na ci na zuwa ba.

Abu Sumayya

Ɗan'uwa na daɗe ina karantawa ban sa baki ba sai yanzu da ka kawo takardar, ni a sashen ma'aikata nake aiki a wani kamfani a Dammam. Ka raba 1,800 gida talatin, 60 kenan a rana. Sau biyar nawa? 300. Ka ga ba da ka suka sa lambar nan ba, dokar ƙwadago ta Saudiyya ta hana a ci ma'aikaci tarar da ta wuce ladan kwana biyar a kan laifi ɗaya, su kuma suka tafi har bakin iyaka suka tsaya. Wato sun san dokar sarai.

Amma dokar da ta sa iyakar ita ce kuma ta ce kafin a yi maka irin wannan horon sai an sanar da kai laifinka a rubuce, an tambaye ka, an ji ta bakinka an rubuta an sa a fayil ɗinka. Ƙaramin abu irin gargaɗi ko ladan kwana ɗaya ne ake iya yi da baki. An ba ka wata takarda ka sa hannu? In ba a ba ka ba to ƙafarsu ɗaya a sama take.

Ni a ganina ka raba abin uku. 250 na saɗaha ka nemi rasit, in akwai ka haƙura, kai ka faka a kwana. Hamsin ɗin da aka ɗora a kan tarar hukuma wannan ba ma abin jayayya ba ne, hoton Absher kaɗai ya isa, kuma in da ragin biya da wuri suka biya to abin da ya fita daga hannunsu bai ma kai ɗarin ba. Sai 300 ɗin, ka duba kwantiraginka a Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, ka gani, ka rubuta ƴar takarda gajera da larabci, ka samu wanda ya iya ya taya ka, ba zagi ba barazana, ka ce kana roƙon a sake dubawa don ba a sanar da kai a rubuce ba kuma rana ɗaya hutu ce. Ka riƙe kwafi. Yawanci in suka ga ma'aikaci ya san akwai takarda a duniya sukan sassauta. Maganar ofishin ƙwadago da zaman sulhu tana nan in ta ƙi, amma kar ka fara ambatonta, a kan 300 ba na ba ka shawarar ka ɓata da mudir yanzu.

Baba Misfala

Abu Sumayya ya gama magana. Ƙari ɗaya ɗana, kar ka shiga wajen mudir a gaban mutane, ka bari sai bayan azahar ya ci abinci yana shi kaɗai. Kuma ka fara da cewa ka yi kuskuren fakin, su suna son jin wannan.

In kuma ka sake zuwa Balad ka nemi fakin na kuɗi ka biya ƴan riyal ɗinka ka taka da ƙafa, ko da nisa. Jerin motoci a kwana ba hujja ba ne, su ma ukun nan da ka bi duk a hajaz suka kwana.

Ɗan Fagge

Salam jama'a, na dawo da bayani. Na shiga wajensa ranar Talata bayan azahar kamar yadda Baba ya ce, wani ɗan Sudan a masaukinmu ya rubuta min takardar. Ya karanta ya kalli hoton Absher ya kira akawu a waya suka yi ta larabci da sauri ban kama komai ba sai sunana. Ƙarshe dai ya ce hamsin ɗin kuskure ne za a dawo min da shi, tarar kamfani kuma ya rage ta zuwa kwana biyu wato 120, rasit ɗin saɗaha ya nuna min da idona 250 ne. Kenan 230 za su dawo a albashin wata mai zuwa in sha Allah, na ce ya rubuta min a jikin takardar ya yi dariya ya ce Nijiri mushkila amma ya rubuta ya sa hannu.

Na nuna wa abokin ɗakina Absher ɗin ya gani da idonsa 100, ya juya wayar ya juya ya ce to ai ni ban daɗe ba ne, in na shekara biyu za su fara ninkawa. Na ƙyale shi. Maman Hanan dan Allah wannan ragin na kashi 25 da kansa yake fitowa a SADAD ko sai an nema? Don na ga wata ta bel ta riyal 150 a ƙasan waccan tun watan jiya ban ma san da ita ba.

Maman Hanan

Da kansa yake fitowa in kana cikin wa'adi, adadin da ka gani a manhajar banki shi za ka biya. Maza ka duba yau kar ka yi irin ta Abban Hanan.